Ana Auna Gero a Illela, Ba a Auna Mai Ciki

Duk wanda ya san kasuwar Illela ta ranar Lahadi ya san mutanenmu ba su saye da ido kawai. Mai sayen gero yana tsaye a kan mai awo har sai ya ga tiya ta cika. Mai sayen albasa sai an kwance masa bakin buhu ya zura hannu har ƙasa. In ka shiga kara kuwa, za ka ga dillali ya dafa ƙirjin bijimi, ya matsa gindin wutsiya, ya buɗe baki ya duba haƙora, domin ya san akwai bambanci tsakanin dabbar da ta yi kitse da wadda aka cika wa ciki da ruwa a daren kasuwa. To, wannan mutumin da ba a iya cutarsa a kan tiya ɗaya ta gero, shi ne zai koma gidansa a Amarawa ya tarar da matarsa mai cikin wata bakwai fuska ta cika, idanu sun shige, yatsu sun yi suntum har zobe ya ƙi fita, sai ya yi murmushi ya ce ciki ya karɓe ta. Uwarsa ta ce ai hutu ne. Maƙwabta su ce Alhaji ya iya kiwo. Ba wanda zai ce a ɗora ta a kan sikeli, balle a ɗaura mata abin awon jini a dantse.

A kan wannan al'amari muke son mu tsaya, kuma ba za mu yi kwana-kwana ba. An mayar da jikin mace mai ciki allon tallar arzikin mijinta, ana karanta ƙiba a matsayin shaidar lafiya da jin daɗi, alhali kuwa akwai matan da wannan karatun ya kai su kushewa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A kan mai ciki dai rabin farko na wannan karin magana shi ne gaskiya, domin kuwa abu uku ne ke cika jikin mace, ido kuma bai iya raba su.

Na farko shi ne kumburi. Kumburin ƙafa kaɗan da yamma abu ne da yawancin masu tsohon ciki ke yi, ba shi muke nufi ba. Wanda muke nufi shi ne na fuska da hannuwa, wanda yakan zo tare da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan sau da yawa alama ce ta hawan jinin ciki, wanda kan taso bayan ciki ya wuce mako 20. Da an auna an ga jini ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka kuma ga fitsari ya nuna alama, likita ya san gobara na tafe. In aka bar shi, ƙarshensa jijjiga, mace ta faɗi tana taune harshe, a lokacin ne za a ce iska ce ta buge ta, a kama turare da hayaƙi. Alhali a asibiti akwai allura mai araha da ke tare wannan jijjiga, in an kai mace da wuri. Ashe ke nan abin da aka yi wata biyu ana yi wa barka, shi ne ke ƙwanƙwasa ƙofa.

Na biyu shi ne kitse na gaskiya, wanda ya wuce ƙa'ida. Macen da ta ɗauki ciki da ƙiba mai yawa ta fi sauran mata kusa da wancan hawan jinin, ta kuma fi su kusa da ciwon sukarin da ke tasowa da ciki. Yadda abin yake shi ne, sukarin da ya yi yawa a jinin uwa yana ratsawa ta cibiya ya isa ga ɗa, jikin ɗan ya mayar da shi kitse, sai ya girma ya wuce kilo 4. Ranar haihuwa kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ko kuma naƙuda ta yi tsawo har a kwana biyu ana abu ɗaya. Mai karatu ya san abin da doguwar naƙuda ke bari a baya: ɗa ba rai, uwa da yoyon fitsari, ko a rasa duka biyun. Ya kuma san tsakanin Amarawa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato akwai tafiyar kimanin kilomita 80, tafiyar da ba ta da daɗi ga mai lafiya da tsakar dare, balle ga wadda jini ya ɓalle mata.

Na uku shi ne wanda ya fi ba mu takaici, domin da kuɗi ake sayo shi. Muna nufin ƙwayoyin nan da mata suka laƙaba wa suna sha-ka-fashe, waɗanda ake samu a tire da kantunan magani daga Illela har Ƙonni, ba tare da takardar likita ba. Yawancinsu iri biyu ne. Akwai maganin ƙaiƙayi da mura wanda ke buɗe ciki ya sa barci, akwai kuma deksametazon, magani mai ƙarfi wanda likitoci ke bayarwa da lissafi domin cututtuka na musamman. Wadda ta mayar da shi abin sha kullum, fuskarta za ta yi faɗi kamar faifai, ciki da wuya su cika, hannuwa da ƙafafu kuwa su sirance. Abin da ta samu ruwa ne da jiki ya riƙe da kitsen da ya taru inda bai dace ba. Ladan da za ta biya kuwa shi ne hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi, da jikin da bai iya yaƙi da cuta. An kafa hukumar NAFDAC tun 1993 domin tsare irin wannan ɓarna, amma mai tire bai san da zamanta ba. Yanzu a ɗora ciki a kan wannan jiki, a gaya mana me ake jira.

Ba za mu yi kamar ba mu san inda son ƙiba ya samo asali ba. Ƙasar da ta ga farin 1973 da na 1984, ta ga rumbuna sun ƙone ba wuta, dole ta girmama tsoka. A wurin wanda ya taɓa kwana da yunwa, kumatu tuta ce. Ba mu kaɗai ba ne kuma. A arewa da Tawa, cikin Larabawan Azawak, an daɗe ana ɗura wa 'yan mata madara da kunu domin su cika kafin aure, har wata mai bincike, Rebecca Popenoe, ta yi littafi guda a kan haka a 2004. To amma fahimtar asalin al'ada daban, sallama mata daban. Yunwar da ta koya wa kakanni son ƙiba ba ta ce a sayo ƙiba a kanti ba. Abin da ke tura mata ga sha-ka-fashe a yau gori ne. Gorin kishiya, gorin dangin miji, da tsoron da iyaye ke ji kada 'yarsu ta koma ɗakinta daga wankan gida a ce ba a kula da ita ba.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ana ta kai wa ke ta kaya, mutane na neman abin sawa a baki ku kuna zancen ƙiba, wannan ai ciwon masu kuɗi ne. Maganarsu tana da ƙafa ɗaya a kan gaskiya. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 12 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 ramammu ne, kashi 58 kuma suna da ƙarancin jini, kuma kowa ya san a Arewa wannan nauyi ya fi sauka. Amma wannan binciken dai shi ne ya nuna kashi 28 cikin ɗari nauyinsu ya wuce ƙa'ida. Wato a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a layi ɗaya, ana fama da cuta biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana ɗauke da ƙibar da ta zama cuta, kuma abin ya daɗe da tsallake ƙasashen masu arziki ya iso inda ake sayar da taliya da lemon kwalba da araha.

Rama ma kisa take yi, kuma Sakkwato shaida ce. Akwai ciwon zuciyar da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a cikin jego, numfashi ya yi wuya, jiki ya kumbura. A 2007 Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa sun ba da rahoton cewa a asibitin koyarwa na Sakkwato ana samun mace ɗaya mai wannan ciwo a cikin kowace haihuwa 102, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Likitocin da suka yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970 sun ɗora laifin a kan kunun kanwa da zafin wankan jego. Amma babban binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta a asibitoci sama da 20, wanda aka buga a 2020, ya fi nuna yatsa ga rama, da rashin ilimi, da rashin abin yi, da hawan jinin ciki. A lura da kyau: macen da ta shiga ciki a rame, zuciyarta ta gaza, ita ma kumbura take yi. Ita ma ana iya ce mata jego ya karɓe ta. Saboda haka mai cewa talauci ne matsalarmu bai rushe maganarmu ba, ƙara mata ginshiƙi ya yi. Da ramammiya da mai ƙiba, abin da zai gano halin da suke ciki guda ne, shi ne awo.

Awon kuwa ba wani tsafi ba ne. Ana duba nauyin mace da tsawonta kafin ciki ko a farkonsa. Alal misali, mace mai tsawon mita 1.6, in nauyinta bai kai kilo 47 ba ta rame, daga 47 zuwa 64 tana daidai, daga 64 zuwa 77 ta fara wuce wuri, daga 77 zuwa sama kuwa ƙiba ta zama cuta. A bisa ƙa'idar da masana a Amurka suka fitar a 2009, wadda asibitoci da yawa ke bi, ramammiya ana son ta ƙara kilo 12 da rabi zuwa 18 a tsawon cikinta, wadda take daidai ta ƙara 11 da rabi zuwa 16, wadda ta fara wuce wuri ta ƙara 7 zuwa 11 da rabi, mai ƙiba sosai kuwa 5 zuwa 9. Mai karatu zai ga babu wadda aka ce ta rage nauyi. Ba mu zo da ra'ayin siranta na 'yan fim ba, kuma duk wanda ya sa mai ciki ta yi wa kanta horon yunwa ya cuce ta. Abin da ake so shi ne ƙari mai lissafi, a riƙa gani wata bayan wata. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. A jihar Sakkwato kuwa, a binciken 2018, matan da suka haihu a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Wasu kuma za su ce kakanninmu sun haifi goma-goma ba su san sikeli ba. Haka ne, waɗanda suka rayu su muke gani, waɗanda haihuwa ta tafi da su ba su dawo sun ba da labari ba. Bayan haka, a gaya mana wace kaka ce ta yi goyon ciki a gaban talabijin da katon na lemo a gefen gado? Kakarmu ta yi surfe, ta yi daka, ta yi niƙa, ta ɗebo ruwa, abincinta gero ne da wake da nono da ganye. Har ma tana da nata tsoron zaƙi, shi ya sa tsofaffi ke hana mai tsohon ciki zuma da rake, suna cewa zaƙi na tare haihuwa. Bayaninsu ba irin na likita ba ne, amma hannunka-mai-sandan da suka yi bai faɗi ƙasa banza ba. Jikokinsu sun yar da wannan sun riƙe wanda bai da amfani. Za ka ga mace ta ƙi shan ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta a wurin awo, wai kada ɗa ya yi girma, amma tana shan lemo kwalba biyu a rana. Kwalba guda ƙarama tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, alhali abin da aka fi so babba ya tsaya a kai a yini ɗaya bai wuce cokali 6 ba. Ta guji abin da zai cece ta ranar zubar jini, ta rungumi abin da ke kumbura ɗan da gaske.

Yanzu sai mu juyo kan maigida, domin duk wannan magana a wuyansa take rataye. A gidajenmu miji ne ke cefane, shi ne ke ba da izinin fita, shi ne ke riƙe da kuɗin mota. Abin da ya shigo da shi shi ke shiga tukunya. Muna da maza iri biyu da ba mu ga na zaɓe a cikinsu ba. Akwai wanda zai tsaya wurin mai tsire ya cika cikinsa, ya zarce teburin mai shayi a soya masa taliya da ƙwai uku, a haɗa masa shayi mai kauri, sannan ya shiga gida yana sakace, ya tarar da mai cikin wata takwas ta ci tuwo da miyar kuka ba ko ƙashi. Akwai kuma wanda ƙaunarsa ta tsaya a kan katon ɗin lemo da madarar gwangwani da soye-soye, ya hana ta ko ɗaga tsintsiya, yana jira a ce matar wane ta cika ɗaki. In ta ce za ta je awo, duka biyun amsarsu ɗaya: me ya same ki?

Shi kansa maigidan, wa ya auna shi? Tumbin da ake yi wa kirari da alamar Alhazanci, wanda babbar riga ke rufa wa asiri, shi ne gidan hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki. Mutumin da ke jiran haihuwa ya kamata ya yi lissafin shekara ashirin masu zuwa, ya tambayi kansa ko yana son ya ga auren wannan ɗa. Bugu da ƙari, yaro daga kwanon ubansa yake koyon ci. Uban da bai iya shan shayi sai da sukari cokali biyar, kada ya yi mamaki in ɗansa ya ƙi kunun gero. Haka nan mai busa taba a ɗakin da mai ciki ke kwana, ya sani su uku ne ke shan wannan taba.

Gyaran bai buƙatar dukiya. Mai ciki ba cin mutum biyu take buƙata ba. A wata ukun farko kusan ba ta buƙatar ƙari, daga baya ma ƙarin bai wuce ɗan ƙaramin kwano guda a yini ba. Abin da ake nema shi ne ingancin abin da ke cikin kwanon: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi, zogale, yakuwa, da kayan lambun da ke fitowa daga fadamun Kalmalo. Kuɗin katon ɗin lemo guda zai sayi ƙwai da wake na kwanaki. A rage gishiri da dunƙule da mai. Wadda ke zaune a gida ta riƙa motsa jiki kamar minti 20 zuwa 30 a rana, ko da zagayen tsakar gida ne da shara. Wadda kuma take a rame, tana daka tana ɗaukar ruwa da tsohon ciki, a sauke mata wannan kaya, a ƙara mata abinci. Wannan ta motsa, waccan ta huta, kuma ba mai iya cewa wace ce wace sai wanda ya auna.

A nan ne maganar ta iso ƙofar 'yan'uwa marubuta. Gori da kirari ba daga sama suke faɗowa ba, da kalmomi ake gina su, kalmomi kuwa kayan aikin marubuci ne. A littattafai da yawa da matanmu ke karantawa a ɗaka, da waɗanda suke saurare a rediyo da waya, in ana son a nuna amarya ta dace da miji sai a ce ta murje ta yi ɓul-ɓul, in ana son a nuna mai kuɗi sai a ba shi tumbi, in ana son a nuna Hajiya sai a sa ta cika kujera tana nishi. In kuma mai ciki za ta mutu a labarin, sai ta mutu haka kawai domin a sa mai karatu kuka, ko a ce kishiya ce ta yi mata asiri. Yarinya mai shekara goma sha shida da ta karanta irin wannan sau hamsin, me ake so ta ɗauka game da jikinta? Ba muna cewa a mayar da ƙagaggen labari darasin kiwon lafiya ba, wannan kashe labari ne. Muna cewa ne marubucin da ya iya kwatanta gadon amarya da labulenta dalla-dalla, bai da hujjar jahiltar bambancin ƙiba da kumburi. Akwai labari mai tsuma rai a cikin yarinyar da ke ɓoye sha-ka-fashe a ƙarƙashin katifa saboda maganar uwar miji. Akwai labari a cikin mijin da ya yi wata biyu yana alfahari da fuskar da ke gaya masa matarsa na cikin haɗari. Waɗannan mutane suna nan a Amarawa da Ƙonni da Gada da Gwadabawa, suna jiran wanda zai rubuta su da gaskiya.

Binciken 2018 ya ƙiyasta cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya mata 512 ke rasa rai. Ba mu ce ƙiba ce ta kashe su duka ba, akwai zubar jini, akwai rashin hanya, akwai asibitin da ba likita, kuma waɗannan haƙƙi ne a wuyan hukuma wanda ba za mu daina tambaya ba. Amma hukuma ba ita ke sayo sha-ka-fashe ba, ba ita ke hana zuwa awo ba, ba ita ke kallon kumburi ta yi guɗa ba. Wannan kaso namu ne, mu maza da iyaye da surukai da masu riƙe da alƙalami. Duk maigidan da matarsa ke da ciki, ya kai ta awo da kansa a wannan wata, ya tsaya a gaya masa nauyinta da awon jininta, ya riƙe su a ka kamar yadda yake riƙe farashin buhu. In an gama da ita, shi ma ya tuɓe takalmi ya hau sikelin.